DAGA LANDAN ZUWA KANO A MOTA: TSEREN HAMADA NA 1974 DA HANYAR DA TA BI TA ƘOFAR GIDANMU

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Kankia ko Yashe ko Gidan Mutum Ɗaya, a bakin titi ya tashi. Tun muna yara mukan gane mota da ƙararta kafin ta ɓullo, mun kuma san in ka bi titin nan ta hannu ɗaya Kano za ka, in ka bi ta ɗaya hannun kuwa sai Katsina. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, titin bai tsaya a Katsina ba. Ya wuce Jibiya, ya shiga Nijar ta Ɗan Isa, ya kai Maraɗi, daga can kuma ya haɗu da hanyar Tawa da Agadas, wadda ta kutsa cikin hamada har bakin Bahar Rum. Manyan hanyoyi biyu ne ke kawo matafiyi daga Agadas zuwa Kano: ɗaya ta Damagaram da Daura, ɗaya kuwa ita ce wannan tamu. Watau ɗaya daga cikin bakunan hanyar Sahara a ƙofar gidanmu yake.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, na ci karo da labarin wani tseren motoci da aka yi cikin watan Mayu na 1974, wanda ya taso daga Landan, ya ƙetare hamada ya zo Kano, sa'an nan ya juya ya koma Turai. Da na je gida hutu sai na kai wa kakana labarin, domin shi tsohon direban babbar mota ne, a wannan shekara kuwa yana yaron mota a kan hanyar Nijar. Na yi zaton zai ce ya gan su. Ashe ko jin labarinsu bai taɓa yi ba. Ya yi dariya, ya ce shi a shekarar nan buhunan dawa ya sani, ban da su bai san kowane tsere ba.

Wannan amsa ce ta sa na gane cewa tarihi biyu ne suka bi hanya guda a shekara guda, ɗaya aka rubuta shi a jaridun duniya, ɗaya kuwa yana nan a bakin tsofaffi, yana jiran mutuwarsu. Zan yi ƙoƙari in kawo wa mai karatu su duka biyun.

Yadda Irin Wannan Tsere Yake

Kada mai karatu ya ɗauka tseren nan irin sukuwar dawaki ne, inda ake jeruwa a saki linzami, wanda ya riga isa ya ci. Shi wannan, wanda ake kira rali, tafiya ce ta kwana da kwanaki a kan hanyoyin da kowa ke bi, da kuma inda babu hanya sam. Akan raba tafiyar zango-zango, a yanka wa kowane zango lokaci. Motar da ta makara sai a rubuta mata bashin mintocin da ta ƙara. Ranar ƙarshe a tara, wanda bashinsa ya fi ƙanƙanta shi ne gwani.

Kowace mota tana ɗauke da mutum biyu ko uku. Ɗaya na tuƙi, na gefensa yana riƙe da littafin hanya, wanda masu shirya gasar suka rubuta bayan sun bi hanyar da kansu. A ciki ne aka ce bayan mil kaza ka karya dama, bayan mil kaza za ka ga rijiya ko dutse. In littafin ya yi daidai an tsira. In ya kuskure, ƙarfin inji ba abin da zai ƙara wa mutum sai nisa daga hanya.

Turawa sun daɗe suna wannan wasa. Tun 1907 aka yi tsere daga birnin Pekin na ƙasar Sin zuwa Paris. A 1968 aka yi na Landan zuwa Sidni ta Ostareliya, a 1970 kuma na Landan zuwa Meziko, don ya zo daidai da gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a can. Na 1974 ƙanen wannan ne, domin a shekarar Jamus ta Yamma ce mai masaukin gasar ƙwallon, a birnin Munik kuma za a yi wasan ƙarshe.

Hanyar Kafin Zuwan Mota

Kafin mu bi motocin, ya kamata mu tuna cewa hanyar da suka ɗauka abin kasada, tsohuwar hanyar cin abinci ce ga kakanninmu. Shekaru ɗaruruwa ayari na tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat da ƙasar Abzin, ya sauka a Katsina ko Kano, ya koma da fatu da turkuɗi da sauran haja. Ga kuma ayarin gishiri da ke zuwa Bilma da Fachi, ya gangaro ƙasar Hausa bayan kaka ya sayi gero.

Ayari kuwa ba tarkacen matafiya ba ne. Akwai madugu, wanda shi ne uban tafiya. Akwai jagaba, mai shiga gaba yana duba hanya da wurin zango. Akwai uban dawaki, mai kula da biyan kuɗin fito da sasantawa da sarakunan hanya. A cikin hamada, inda iska kan shafe sawu cikin dare ɗaya, Abzinawa ne ke jan gaba, su kuwa littafin hanyarsu a ka yake: taurari, da siffar duwatsu, da launin rairayi, da sanin wace rijiya ce ke da ruwa a wane wata.

Har Turawan farko da suka zo, a bayan waɗannan mutane suka rakuɓe. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Tarabulus cikin Maris na 1850, ya ziyarci Agadas cikin Oktoba, sa'an nan ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa zuwa kudu. Ya bi ta Tasawa da Gazawa, ya iso Katsina cikin Janairu na 1851. Daga Katsina ya ratsa ta garinmu Kusada, wanda ya ambata a littafin tafiyarsa, ya wuce Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Wata goma da ɗoriya ke nan daga bakin teku, har da zaman jira a wurare. Ya iso lafiya domin bai rabu da masu hanya ba. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya karya wannan ciniki shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗaukowa daga arewa, sai ga shi suna zuwa daga Ikko cikin 'yan kwanaki. Ƙasar Hausa ta juya wa hamada baya, ta fuskanci teku.

Mota Ta Shiga Rairayi

A daidai lokacin da fatake ke barin hanyar ne masu mota suka fara sha'awarta. Kamfanin Citroën na Faransa ya ƙera wasu motoci masu taya a gaba da sarƙa a baya, ya tura biyar daga cikinsu ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun tashi daga Tugurt ta Aljeriya ranar 17 ga Disamba, 1922, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu, 1923. A watan Oktoba na 1924 mutanen nan biyu suka sake fitowa da motoci takwas, suka gangaro Yamai, suka bi ta ƙasar Hausa ta Nijar, ta Tasawa da Damagaram, suka nufi tafkin Chadi, ba su tsaya ba sai tsibirin Madagaska a 1925.

Wannan tafiya talla ce ga kamfani, kuma hanya ce ta nuna cewa Faransa na iya haɗa ƙasashen da ta mallaka arewa da kudu da hamada. Daga nan Sahara ta zama wurin da mai ƙera mota ke gwada ƙarfenta, mai neman suna kuma ya gwada zuciyarsa. Kano kuwa, da yake ita ce babban birni na farko da mai fitowa daga rairayi zai tarar da mai da makaniki da gado, sai ta zama maƙurar irin waɗannan tafiye-tafiye.

Tseren 1974

Wani mutumin Ostareliya mai suna Wylton Dickson, wanda ya shirya tseren Meziko, shi ne ya shirya wannan. Amma lokacin bai yi masa daɗi ba. Rikicin man fetur na 1973 ya sa cinikin motoci ya faɗi, manyan kamfanoni da yawa suka ƙi zuba kuɗi. Saboda haka akasarin waɗanda suka shiga, mutane ne masu zaman kansu, kowa da motarsa da guzurinsa. Motocin sun tashi daga Landan ranar 5 ga Mayu.

Sun ratsa Faransa da Sifen ba wata matsala, jirgin ruwa ya ƙetarar da su zuwa Maroko, suka shiga Aljeriya. A nan ne abin ya lalace. Tsakanin lokacin da aka rubuta littafin hanya da lokacin da motocin suka iso, ma'aikatan Aljeriya sun ƙara wa wani titi tsawo da 'yan milamilai. Littafi yana lissafi daga inda titi ya ƙare, ƙarshen titi kuwa ya gusa. Kowane mai karanta littafi ya yi lissafinsa daidai, amma daga wurin da ba shi ba. Sai suka karya inda bai kamata ba, suka fantsama cikin hamada, kowa na bin sawun na gabansa yana zaton shi ya san inda za shi.

Mai karatu ya tuna watan Mayu ne, tsakiyar bazara. Mu nan ma da ke da inuwar darbejiya mun san yadda rana take a wannan wata, balle inda ba itace ko ɗaya. Mota in ta kafe a rairayi mai laushi, sai an sassauta iskar taya, a haƙe da shebur, a shimfiɗa wani abu a ƙarƙashin taya, a tura. In ta fita ta yi 'yan taku ta sake kafewa, a sake. Lagireto na tafasa, ruwan da za a zuba masa kuwa shi ne wanda mutum zai sha. Mai na ƙarewa a kan hanyar da ba ta kai ko'ina. Sai da aka tashi jiragen sama suna shawagi suna neman waɗanda suka ɓace. Wasu da suka samu kansu, ba su sake waiwayar gasa ba, suka nemi hanyar gida. Har Stirling Moss, wanda yana cikin direbobin tsere mafi suna da Ingila ta taɓa yi, a hamadar Aljeriya tafiyarsa ta ƙare, shi da motarsa Mercedes-Benz.

Waɗanda suka tsira suka taru a Tamanrasat, garin da ke gindin duwatsun Hoggar. Daga nan ne zango mafi wuya ya fara: a gangara kudu kimanin kilomita 400 zuwa In Gezam a bakin iyaka, a shiga Nijar ta Asamaka, a wuce Arlit da Agadas, har Kano, kana a juyo ta cikin wannan hamadar a koma. A lokacin babu kwalta tsakanin Tamanrasat da Agadas. Yawancinsu suka ce a rubuta musu bashin lokaci, sun haƙura. Motoci bakwai kaɗai suka iso Nijeriya, biyar daga ciki kuma su ne suka cika tafiyar duka ba tare da tsallake ko zango ɗaya ba.

Daga hamada aka nufi Tunisiya, aka ƙetara zuwa Sisili da Italiya, aka bi ta Turkiyya da Girka da Yugoslabiya, aka isa Munik ranar 25 ga Mayu. Cikin motocin da suka tashi, guda 19 suka kai. Waɗanda suka ci su ne mutanen Ostareliya uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, a cikin Citroën DS 23. Tsakaninsu da mota ta biyu akwai fiye da awa 28. Ta ƙarshe kuwa bashinta ya haura awa 450, watau sama da kwana goma sha takwas, a gasar da duka-duka mako uku ce.

Akwai abin lura game da waɗanda suka ci. Tubman ba yaro ba ne, tun 1953 ya ci wani dogon tsere a dajin ƙasarsu. Reddiex kuwa makanikin Citroën ne, ya san cikin motar kamar yunwar cikinsa. Ita kanta motar ba ta fi sauran gudu ba, sai dai tana da wata dabara: a maimakon sifirin na ƙarfe, mai da iska ne ke ɗauke da ita, direba na iya ɗaga cikinta sama in ya zo wurin rairayi ko duwatsu. Haƙuri da sanin gyara ne suka ci gasar. Sannu ba ta hana zuwa.

Motocin da suka zo na biyu da na uku da na huɗu kuwa duk Peugeot 504 ne, biyu daga cikinsu ma mata ne Faransawa ke tuƙa su, Christine Dacremont wadda ta zo ta biyu, da Claudine Trautmann ta huɗu. Shekara guda bayan haka, a 1975, aka fara harhaɗa wannan mota a Kaduna. Ita ce Fijon da ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin Katsina da Kano, wadda iyayenmu har gobe ke yabon ƙarfinta. Wanda ya ga abin da ta yi a hamada ba zai yi mamakin abin da ta jure a hannun direbobinmu ba.

Ƙasar da Suka Ratsa

Yanzu bari mu sauka daga motocin tsere mu dubi gefen hanya. Shekarar 1974 ita ce ƙarshen babban farin da ya kama ƙasashen bakin hamada tun ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1972 da 1973. Rijiyoyi sun ƙafe, shanu da raƙuma sun mutu garke-garke. Buzaye da Fulani da suka rasa dukiyarsu suka gangaro kudu, wasu suka zauna a sansanoni a gefen garuruwan Nijar, wasu suka shigo Katsina da Kano suna aikin gadi. Mu ma nan arewacin Jihar Arewa ta Tsakiya, kamar yadda ake kiran jiharmu a lokacin, gero bai yi ba, gyaɗa ta faɗi.

Ranar 15 ga Afrilu, 1974, kwana ashirin kafin motoci su bar Landan, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Yamai. Cikin laifuffukan da suka ɗora mata har da yadda aka yi da abincin agaji. Wani kaso na wannan abinci ta tashoshin ruwan Nijeriya yake shigowa, a kawo shi Kano, daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Nijar. A bayan irin wannan mota kakana yake.

Ya ba ni labarin wata tafiya da suka yi da lodin dawa zuwa Agadas. Sun wuce Tanut da yini guda sai wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar, su uku, shi da maigidansa da wani yaro. Maigidan ya hau wata mota da ta biyo ya koma Damagaram neman ƙarfen, ya bar su da rabin duro na ruwa. A kwana na uku ruwan ya kusa ƙarewa. Sai ga wani dattijon Buzu a ƙasa, ba raƙumi, ba akuya, duk fari ya cinye. Bai jin Hausa sosai, amma ya gane halin da suke ciki. Ya ja kakana suka yi tafiyar da ta kai daga hantsi zuwa azahar, ta wurin da shi bai ga alamar komai ba, har suka isa wata rijiya mai zurfi. Da za su rabu suka buɗe buhu suka auna masa dawa a bakin rawaninsa. Kakana ya ce har yau in ya tuna yakan yi masa addu'a, amma ko sunansa bai tambaya ba.

Na ce masa, Alhaji, ai ku ma kun yi rali ke nan. Ya ce in rufa masa asiri da zancen boko, su ba kofi aka ba su ba, kuɗin lodi aka biya maigidansu.

To, ga bambancin. Direban tsere ya ɓata domin takardarsa ta saɓa da ƙasa, aka tashi jirgi nemansa, duniya ta san sunansa. Yaron mota ya tsira domin wani ya san ƙasar ba takarda, kuma daga shi har wanda ya cece shi ba mai suna a ko'ina.

Bayan 1974

Ba a sake yin tseren kofin duniya ba, amma hamada ta riga ta shiga ran masu wasan. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a kan babur a lokacin tseren Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar. Maimakon ya tuba, sai ya kafa tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, da motoci da babura 182, ya bi ta Tamanrasat da Agadas da Yamai, 74 suka kai Dakar. Shekaru da dama Agadas ta zama babban zangon wannan gasa, masu otal da makanikai da masu jagora suka ci abinci, cikinsu har da Mano Dayak, Ba'abzinen da ya yi suna wajen kai baƙi cikin hamada. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓata kwana shida a cikin Peugeot 504, sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano shi.

Gasar ta ci rayuka. Shi kansa Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali cikin Janairu na 1986. Ta kuma ci waɗanda ba su shiga ba, kamar wata yarinya da motar tsere ta take a garin Kita na ƙasar Mali a 1988. Daga baya rashin tsaro ya kori gasar: a shekarar 2000 sai da aka kwashe motocin a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke ta, daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, a 2020 kuma ta koma Saudiyya, tana ɗauke da sunan Dakar ba tare da ta taka Afirka ba.

Masu wasa sun tafi, amma masu neman abinci ba su bar hanyar ba. Cikin Oktoba na 2013 wasu motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, ɗauke da talakawa, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Motocin suka lalace kafin iyaka. Da aka kai gare su, gawa 92 aka samu, mafi yawa mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Wannan yanki shi ne dai wanda motoci bakwai suka ratsa a 1974 aka tafa musu. Allah ya jiƙansu.

Namu Gwanayen

Kada a ce Bahaushe bai yi doguwar tafiya a mota zuwa ƙasashen waje ba sai don yunwa. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta ƙasa. Motocinsu kan bi ta Maiduguri, su ƙetare Chadi, su shiga Sudan, daga can alhazai su kai bakin Bahar Maliya. Hanya ce ta dubban kilomita, mafi yawanta ba kwalta, ga rairayi da rani, ga taɓo da damina. Direban da ya kai mota cike da tsofaffi ya dawo, ba a yi masa lissafin mintoci ba, lissafin rayuka aka yi masa. A wajena ya fi wanda ya isa Munik.

A kudancin ƙasar nan ma akwai Newton Jibunoh, wanda tun yana saurayi a shekarun 1960 ya tuƙo mota shi kaɗai daga Landan ta cikin Sahara har gida. Abin da ya gani ya sa daga baya ya kafa ƙungiyar yaƙi da gurgusowar hamada, wadda ta yi dashen itatuwa a Makoɗa ta Jihar Kano. Shi ya rubuta labarinsa, saboda haka an san shi. Direbobin alhazai da na dawa ba su rubuta ba.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan bincike shi ne, tun daga zamanin Barth har zuwa 1974, har zuwa yau, hamada abu ɗaya take tambayar matafiyi, watau ko ya san hanya, ko kuwa yana tare da wanda ya sani. Tarin motoci da littafin hanya sun kasa abin da dattijo ɗaya mai tafiya a ƙasa ya iya. Amma da aka zo rubuta tarihi, sunan mai mota aka rubuta.

Laifin ba na Turawa ba ne su kaɗai. Su sun rubuta nasu, mu ne ba mu rubuta namu ba. A tashar Kankia da mararrabar Yashe da Gidan Mutum Ɗaya har yanzu akwai tsofaffin direbobi da suka san Agadas da Arlit tun ba kwalta, suka san sunan kowace rijiya da kowane zango, suna da kirarinsu da karin maganarsu da kalmomin sana'arsu waɗanda ba su cikin ƙamus. Kowace shekara ana rage su. Mu ɗaliban Hausa mun iya zuwa fada mu tambayi jerin sarakuna, mun iya bin makaɗa mu rubuta waƙa, amma tasha muna ratsa ta ne kawai mu hau mota.

Ina roƙon 'yan'uwa membobin wannan ƙungiya, duk wanda zai je gida hutun nan, ya nemi tsohon direba ɗaya a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ajiye wayarsa a gabansa ya ɗauki maganarsa. Ya tambaye shi ina ya je, da wa ya je, wa ya nuna masa hanya. Ni na fara da kakana, na kuwa makara da tambaya ɗaya, domin sunan Buzun nan ya riga ya tafi.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya, amin.